Buhu Goma a Ɗakin Baba Mudi

Da buhu goma aka fara.

Alhaji Sada ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya tuɓe takalmi, ya ɗan rusuna. Ya ce, "Baba, an yini lafiya? Sito ne ya cika. Buhu goma na masara kawai za mu jingine a nan, kafin azumi an kwashe su."

Baba Mudi yana zaune a bakin gado yana gyara ƙotar fartanya da wuƙa. Ya dubi kusurwar da ake nufi, ya ce, "To, Sada. A shimfiɗa katako tukun, kada su sha sanyin daɓe."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai tambayi azumin wace shekara ba.

Baba Mudi ƙanen mahaifin Sada ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana noma a gandun yayansa, Malam Ummaru, a nan Unguwar Maitama, gefen hanyar Funtua zuwa Malumfashi. A gandu ba a cewa nawa. A yi noma tare, a zuba rumbu ɗaya, a ci tukunya ɗaya, maigida ya riƙe kuɗi ya sayi abin da ya ga ya dace. Malam Ummaru ya ga gona ce ta dace, ya yi ta saye, kuma kowace takardar ciniki da sunansa aka rubuta, don shi ne babba. Da ya rasu aka zo rabon gado, aka raba abin da ke rubuce tsakanin 'ya'yansa, Sada da Jibril. A takarda ba a zalunci kowa ba. Baba Mudi ya tashi da fartanya biyu da wannan ɗakin. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yan da ta haifa kuma ba wanda ya kai yaye.

Ɗakin da hannunsa ya gina shi, da kuɗin audugar 'yar gayaunar da ake bar masa ya noma bayan an tashi daga gandu. Daɓen siminti, kwano ba ya yoyo, taga biyu masu fuskantar juna. Duk gidan ba ɗakin da ya kai shi bushewa. Da ya yi ginin banza, da ba wanda ya tuna da shi.

Shekarar da ta gabata masara ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Wanda ya ɓoye da kaka ya fitar da bazara ya sauya mota, kuma Sada yana cikinsu. Shi ya sa bana ya cika sito har ya tumbatsa. Sai dai mutanen birni sun yi kuka, gwamnati ta ji, ta buɗe hanya a shigo da hatsi daga waje. Farashin masara ya faɗo ƙasa, na taki ya tsaya inda yake kamar an kafa shi. Azumi ya zo, ya wuce, aka yi Salla, buhunan suna nan.

Sada ya ce wanda ya sayar yanzu ya yi wauta, wanda ya saya yanzu shi ne mai hankali. Ya kuma saya. Goma suka zama talatin.

Akwai wata darbejiya a ƙofar gidan, nan ake zama bayan la'asar. Malam Jibril, ƙanen Sada, malamin sakandare ne, mai littattafai, kuma ba ya barin a manta da haka. Ranar da aka kawo kashi na biyu na buhunan, su biyun suka kama gardamarsu ta kullum, mutane suna saurare.

"Gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa," in ji Sada. "Na sayi taki da tsada ba ta taimake ni ba. Na noma, na tara, ta zo ta karya mini farashi. A bar kasuwa ta yi halinta mana."

"Bara da ta yi halinta ai ba mu ji kukanka ba, Yaya," in ji Jibril. "Tiyar masara ta gagari talaka, kai kana Makka kana ɗawafi. Jari-hujja ke nan. In an ci riba ta ɗan kasuwa ce, in an faɗi laifin gwamnati ne. Da hukuma za ta sayi hatsi da kaka ta adana, ta fitar wa talaka da sauƙi da damina, da ire-irenku sun koma sayar da goro."

"Gurguzu dai kake nufi. Ai mun yi shi a gidan nan, sunansa gandu. Mutum ɗaya na gumi, goma na hamma. Ka tambayi Baba."

Aka kwashe da dariya. Ba wanda ya tambayi Baba. A lokacin yana ciki yana taya 'yan dako fitar da gadonsa, don buhu ba ya jeruwa a kan gado. Sada ya ce gadon ma ya tsufa, kuma tabarma ta fi wa bayan tsoho lafiya. Aka jingine gadon a bayan ɗakin girki, kaji suka same shi.

Da zafin bazara ya kama, Baba Mudi ne ya fara jin ƙwari. Ya kara kunne a jikin buhu, ya ji su suna aikinsu, ƙus-ƙus, kamar ana tauna gyaɗa a ɓoye. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana tsaron rumbu ba ya iya jin wannan ya yi shiru, ko da hatsin ba nasa ba ne. Da ƙafarsa ya je ya sami Sada.

"Sada, sun shiga. In ba a yi wani abu ba, nan da wata guda gari za ka sayar."

Kashegari Sada ya dawo daga Funtua da wani gwangwani cike da ƙwayoyi masu launin toka, irin maganin ƙwarin da ake kira bom. Mai shagon ya gaya masa abu biyu: a rufe wurin ruf, kuma kada mai rai ya kwana kusa. Na farkon ya isar da shi yadda aka faɗa. Na biyun ya ɗan rage masa tsawo.

"Baba, kwana uku za ka ɗan kwanta a zaure, kafin ƙarfin ya wuce."

Baba Mudi bai yarda yara su yi aikin ba, ya ce za su yi ha'inci. Shi ya ƙulle ƙwayoyin a tsumma ɗaya bayan ɗaya, ya cusa su tsakanin buhuna. Sannan ya kwaɓa laka, ya tattaro tsofaffin buhuna, ya hau toshe tagoginsa. A nan Rabi'atu, matar Jibril, ta same shi da kwanon tuwo a hannu.

"Baba, har tagar? Ta ina za ka sha iska?"

"In na sha, su ma ƙwarin sun sha, 'yata."

"To ai kai mutum ne."

"Su kuma ɓarayi ne. Ajiye tuwon can, hannuna duk laka."

Ya yi kwana ukunsa a zaure. A rana ta huɗu aka sauke takin noman bana, ba inda za a sa shi sai zauren, ga babur ɗin Jibril ma nan yake kwana. Baba Mudi ya naɗe tabarma ya koma ɗakinsa. Wari ya tare shi tun daga ƙofa, kamar tafarnuwar da ta ruɓe. Tagogin ba a buɗe su ba, tunda bayan 'yan makonni za a sake sa magani, kuma ɓarnar laka ce. Da lokacin sakewar ya zo, ba wanda ya ambaci zaure. Ya cika, ga ruwa ya sauka.

Farashi ya ƙara sauka, Sada ya ƙara saye. Buhuna suka kai sittin, suka taɓo kwano. Abin da ya rage wa mai ɗakin wani siririn lungu ne daga ƙofa zuwa bango, faɗin tabarma ɗaya. In zai juya sai ya dafa masara.

Ciwon kai ya fara zuwa, mai nauyi, da safe. Sai tari. Sai wani ɗaurewar ƙirji, kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Mutumin da yake riga liman zuwa masallaci ya koma sai an idar yake isowa, yana tsayawa sau biyu a hanya yana dafa katanga. Da rana in ya zauna a waje sai ya ɗan warware, a ce ai ga shi nan garau. Gari ya sake wayewa a koma gidan jiya.

Wata rana da hantsi Toma ya zo. Tsohon abokinsa ne, Kirista, daga unguwar da ke hayin rafi. Tare suka yi ta kai auduga kasuwa a kan jaki tun suna samari, kuma tun lokacin ba su daina zagin juna ba. Ya leƙa ɗakin, ya ɗaga kai ya dubi buhunan har sama.

"Mudi, ashe ka zama attajiri ba labari? Ko Sarkin Noma bai taɓa kwana cikin hatsi haka ba."

"Shigo ka ga arziki, tsohon banza. Kai da ko ɓera ya yi ƙaura daga rumbunka."

Toma ya sa ƙafa ɗaya, ya shaƙa, ya ja da baya yana tari. "Wannan warin fa?"

"Magani ne."

"Na wa? Naka ko nasu?"

Baba Mudi ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Toma ya kamo hannunsa ya fito da shi tsakar gida, ya zaunar da shi a kan turmi. Ya daɗe yana kallonsa bai ƙara wasa ba.

Rabi'atu ma tana kallo. Da Jibril ya dawo daga makaranta, ta bari ya ci abinci sannan ta ce, "Malam, ɗakin nan da ka tara littattafai. In an matsa teburin gefe, ai tabarmar Baba za ta shiga."

Jibril ya ajiye cokali, ya gyara zama yadda yake yi in zai fara darasi. "Rabi, ba ki gane ba. In na ɗauke Baba yau, na sauke wa Yaya nauyinsa, na kuma sauke wa gwamnati nata. Da irin wannan tausayin ake raya zalunci. Mutumin da ya ciyar da ƙasa shekara arba'in, haƙƙinsa yana wuyan hukuma. Ba sadaka yake bukata ba, tsari yake bukata."

"Iska yake bukata, Malam."

"Kin ga irin taku. Kullum sai reshe, ba kwa duba saiwa."

Amma bai zauna haka ba, a yi masa adalci. Ya ji ana rubuta sunayen tsofaffi marasa galihu don a riƙa ba su tallafi, ya ce in abin ya fito sai a gina wa Baba ɗan ɗaki da shi. Ya goya shi a babur har Funtua. Suka bi layi tun safe, rana ta take. Da aka zo kansu, wata yarinya mai fara'a ta ce Baba ya ɗora babban yatsa a kan wani ɗan gilashi mai haske. Ya ɗora. Ta ce ya danna. Ya danna. Ta goge masa yatsan da auduga, ya sake. Suka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, zanen yatsunka duk ya shafe."

"Fartanya ce ta cinye, 'yata."

"Injin ba ya ganinka. In bai gan ka ba, ba yadda zan yi in sa ka. Sai dai ku dawo in an kawo wani."

Jibril ya yi jawabi a bakin ƙofar ofishin, jawabi mai kyau, har mutane suka taru. Ya ɗauki hoton tafin hannun Baba da waya, ya rubuta dogon bayani a ƙasa, ya watsa. Mutane da yawa suka yaba, wasu daga Kaduna, wasu har daga Legas. A hanyar dawowa sau biyu Baba Mudi ya ce a tsaya, ya sauka ya yi amai a gefen titi. Da suka iso gida Jibril ya raka shi har ƙofar ɗakinsa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan kwana biyu Toma ya dawo, wannan karon da babbar riga da hula. Ya sami 'yan'uwan biyu a gindin darbejiya, Baba Mudi yana zaune a gefe a kan buzu. Aka gaisa, aka tambayi iyali da damina. Sannan ya ce, "Alhaji, Malam, alfarma na zo nema. Ɗana ya koma Kaduna da iyalinsa, ɗakinsa yana nan ba kowa. Ku ba ni aron tsohon nan in riƙa samun abokin faɗa, kafin a kwashe kayan nan."

Sada ya dubi Jibril, Jibril ya dubi Sada.

"Baba Toma, Allah ya saka," in ji Sada. "Amma a ce ƙanen ubanmu yana kwana a gidan wani muna raye? Gobe a kasuwa da wane ido zan kalli mutane?"

"Gaskiyar Yaya ce," in ji Jibril. "Ba don komai ba, kada ka ɗauka wani abu ne. Amma abin zai zama kamar mun kore shi."

Tun ranar rabon gado ba a taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ran nan.

Toma ya juya. "Kai fa, Mudi? Ba ka da baki?"

Baba Mudi bai dube shi ba. Sai ya dubi Sada. Tun yana yaro aka koya masa cewa ƙane ba ya fita daga gida sai maigida ya ce, kuma maigida yanzu shi ne wannan da ya goya a kafaɗa zuwa gona. Ya ce, "Abin da maigida ya ce shi ke nan, Toma. Kuma in na tafi, wa zai duba masarar?"

"Ka ji ko," in ji Sada. "Shi ma ba ya so. Gadi yake mana, yana jin daɗin abinsa. Tsoho in ba shi da aikin yi ai shi ne ciwo."

Toma ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya tafi ba sallama.

Cikin watan Agusta, wata safiya, Rabi'atu ta kawo koko ta yi sallama sau uku ba amsa. Ta tura ƙofa. Yana zaune ya jingina da buhu, idonsa biyu, leɓunansa sun yi baƙi, yana jan numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Motar Sada aka sa shi, aka kai shi wani asibiti a Malumfashi.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta saurari ƙirjinsa, ta shinshina rigarsa, ta ce, "A ina yake kwana?"

"A ɗakinsa," in ji Sada.

"Da buhu sittin na masara," in ji Rabi'atu. "An sa musu bom. An toshe taga."

Likitar ta ajiye abin awonta. "Wannan maganin guba ne. Hayaƙinsa yake shaƙa kullum. Ban san yadda ya kawo yau ba."

"Likita, akwai tsufa ma," in ji Sada. "Kuma wallahi ba da son raina ba ne. Da gwamnati ba ta karya farashi ba, ai da tuni na kwashe kayan."

"A ƙasashen da suka san ciwon kansu," in ji Jibril, "akwai gidajen da hukuma ke kula da irinsu."

"Ban tambaye ku ƙasashe ba," in ji ta. "In kun mayar da shi ɗakin nan, ba za ku sake kawo mini shi ba. Kun ji ni?"

Suka ce sun ji.

Kwana biyar ya yi a gadon asibiti, kusa da taga. A rana ta uku ya cinye tuwo ya nemi ƙari. Toma ya zo dubiya, ya ce masa ashe gwamnati ta ba shi gado bayan kaji sun ƙwace nasa, suka yi dariya ba tari. Ba a ba shi wani magani mai tsada ba. Iska ce kawai.

Sada kuwa da ya ga ɗaki ba kowa, sai ya ga dama ta samu. Ya sa magani sabo, ninki biyu, ya ja ƙofa.

Da aka sallamo Baba Mudi, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfar kara da ke tsakar gida, inda mata ke surfe. Sada ya ce na ɗan lokaci ne, akwai mai saye yana tafe daga kudu. Ba ƙarya ya yi ba. A rana ta uku babbar mota ta tsaya a ƙofar gida, dillali ya sauko da baƙonsa. Suka soka buhu, suka tauna, suka ce masara ta yi kyau, za su kwashe duka yau. Suka faɗi farashi.

Sada ya girgiza kai. "Ko kuɗin da na saya bai kai ba."

"Alhaji, haka kasuwar take," in ji dillalin. "Nan da wata guda sabuwa za ta fito, wannan ma ba za ka samu ba."

"Na ji ana cewa za a sake rufe hanyar shigo da hatsi. In aka rufe, ku za ku zo kuna roƙona."

"Wa ya ce?"

"Ana dai cewa."

Baba Mudi yana jin su daga rumfa. Motar ta juya ta tafi wayam, mutumin da kullum yake cewa a bar kasuwa ta yi halinta ya koma jiran gwamnati ta zo ta gyara masa ita.

Kashegari Rabi'atu ta tafi Maska bikin suna, ƙanwarta ta haihu. Kafin ta fita ta ce wa mijinta, "Malam, in hadari ya taso, don Allah ka shigar da Baba wajenka." Ya ce to, idonsa a kan takardun jarrabawar da yake dubawa.

Bayan azahar hadari ya haɗu, ruwa ya kece, irin na marka wanda ba ya gaggawa. Rumfar kara ba ta riƙe komai ba. Baba Mudi ya matsa wannan kusurwa, ya matsa waccan, bargonsa ya jiƙe, jikinsa ya ɗauki rawa. Ya dubi ɗakin littattafai, ƙofar a rufe, an ƙara muryar rediyo a ciki. Mutum ne da bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar wani don kansa ba. Ya naɗe tabarmarsa, ya ratsa tsakar gida a hankali, ya nufi ɗakin da ya gina.

Sada yana tsaye a barandarsa, ya gan shi. Ya ɗaga murya kaɗan, yadda zai iya cewa ya faɗa. "Baba, na sa magani fa."

"Na ji warinsa, Sada. Ruwan ne. In ya ɗauke zan fito."

Ya shiga. Ya ja ƙofar, don kada feshi ya taɓa masara.

Ruwan bai ɗauke ba sai da gari ya waye. Rabi'atu ce ta buɗe ƙofar da ta dawo daga Maska, ko mayafin tafiya ba ta cire ba.

An yi masa sutura kafin azahar. Mutane sun zo da yawa, kowa yana faɗin alherinsa. Aka ce bai taɓa faɗa da kowa ba, bai taɓa cewa a'a ba, irinsu sun ƙare. Duk mun faɗi haka, mu maƙwabta da muka yi wata shida muna wucewa ta ƙofar gidan muna jin warin. A zaman makoki wani ya yi tambayar da ba a so, Sada ya ce, "Da ƙafarsa ya shiga, na kuma gaya masa. Kwana ne ya ƙare." Jibril ya ce tsari ne ya kashe shi, kuma zai rubuta a kai. Toma ya zauna can nesa a kan dutse, aka kai masa ruwa bai sha ba.

Na karanta littattafan da Jibril yake karantawa, na kuma karanta waɗanda suke ba su amsa. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma kowanne ya fi kyau a bakin wanda yake da wurin kwana. Gandu ya ci ƙarfin Baba Mudi da sunan namu ne duka, ranar rabo aka nemi sunansa aka rasa. Kasuwa ta auna shi da buhu, buhu ya fi shi tsada. Hukuma ta nemi yatsansa ba ta gani ba. Amma gandu ba shi da hannun jan ƙofa, kasuwa ba ta da baranda, gwamnati kuma ba ita ce ta ƙara muryar rediyo ba. Tsakanin rumfar nan da ɗakin littattafai taku bakwai ne. Ba a bukatar dokar ƙasa kafin a yi taku bakwai.

Hanyar shigo da hatsi ba a rufe ta ba. Kaka ta zo, sabuwar masara ta fito, farashi ya ƙara faɗuwa. Jibril ma yana da 'yar gonarsa ta gado, ya samu buhu takwas, ya ce ba zai ba 'yan jari-hujja guminsa a banza ba, zai jira. Sai dai ba shi da wurin ajiya, ɗakin littattafai kuma ba a sa masa hatsi, saboda ɓeraye.

Ya sami yayansa bayan la'asar. "Yaya, wannan lungun na ɗakin Baba, ai ba a sa komai ba ko?"

Suka je tare. Sada ya buɗe, suka toshe hanci da hannun riga. Ya auna lungun da ƙafa, daga ƙofa zuwa bango, ya ce in an jera bibbiyu zai ci takwas daidai. Aka kira 'yan dako. Rabi'atu tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba har aka gama.

Sada ya ja ƙofar, ya liƙe gefenta da laka, ya danna kwaɗo. Ya ce wa ƙanensa, "Yanzu ne ma maganin zai kama sosai. Da can kullum sai an buɗe."